Yadda Za Ka Samu Natsuwar Zuciya a Tsakiyar Hayaniyar Legas

Duk wanda ya baro Arewa ya zo neman halaliyarsa a Legas ya san garin nan ba ya yin shiru. Tun kafin kiran assalatu manyan motocin tumatir da albasa sun fara sauke kaya a kasuwar Mile 12, kwandastocin danfo suna ta kiran Oshodi da Obalende, janareta kuma na ruri a bayan taga don an ɗauke wuta. Ga kuɗin hayar da ake so a biya na shekara a dunƙule, ga waya daga gida: an sa ranar biki, ko tsohuwa ba lafiya, ko kuɗin taki bai cika ba. Hana acaɓa da aka yi a wasu ƙananan hukumomin jihar a 2022 ya raba 'yan'uwanmu da yawa da sana'arsu, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi.

Wanda ya ce sai abubuwa sun lafa zai nemi kwanciyar hankali, zai daɗe yana jira. Natsuwa ana koya wa jiki da zuciya ita ne kaɗan-kaɗan, kullum, a cikin hayaniyar nan da muke ciki.

Idan damuwa ta kama mutum, jikinsa yana sakin sinadarai irin su adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji, wuya da kafaɗu su sanƙare. Allah ya halicci wannan shiri ne don mutum ya tsere wa haɗari na ɗan lokaci. Amma wanda ya shafe awa biyu a gosulo kan gadar Third Mainland yana lissafin bashi, jikinsa yana nan a ɗaure kamar ana bin sa da gudu. In abin ya zama na yau da gobe, sai rashin barci, ciwon kai, saurin fushi, wani har jininsa ya hau. Ba ka iya ba zuciyarka umarni ta rage bugu, amma numfashi yana hannunka, kuma duk lokacin da kake fitar da shi bugun zuciya yana ɗan sassautawa. Ta nan za mu shiga, da ɗan zaman natsuwa da za ka riƙa yi kullum.

Mataki na farko: ware lokaci, ka ɗaura shi a kan abin da ka saba yi

Bayan sallar Asuba ya fi, domin ka riga ka yi alwala, kana zaune, kasuwa ba ta buɗe maka ba tukuna. Mai gadin da ke kwana a tsaye ya zaɓi bayan ya tashi daga barcin rana. Uwargida kuma, bayan yara sun tafi makaranta ko Islamiyya. Ka fara da minti biyar kawai, in ya zauna maka ka kai shi goma. Kada ka buɗe WhatsApp kafin ka zauna, domin saƙo ɗaya ya isa ya cika maka kai.

Mataki na biyu: zama

A Agege ko Idi-Araba, inda samari huɗu ko biyar ke kwana ɗaki ɗaya, maganar keɓe ɗaki ba ta taso ba. Kusurwar masallaci bayan jama'a sun watse ta isa, haka sallayarka a gefen katifa, ko benci a cikin shago kafin ka ɗaga ƙofa. Ka miƙar da baya ba tare da ka ƙame ba, ka saki kafaɗu, ka ɗora hannuwa a cinya. Ka rufe ido, ko ka kafa shi a ƙasa gabanka. Kada ka kwanta, barci zai ɗauke ka.

Mataki na uku: numfashi

Ɗora tafin hannu ɗaya a cikinka. Shaƙi iska ta hanci a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci, ka bar cikin ya taso ya ture hannun. Sai ka fitar da ita kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo, nan amfanin yake. Baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da wannan ƙirgen za ka sauko wajen sau shida. Ka yi haka kamar sau goma. In ka ji jiri, ka matsa wa kanka ne: daina ƙirgen, ka bar numfashin ya koma yadda ya saba. Mai asma ko ciwon zuciya kada ya riƙe numfashi, kuma ya tuntuɓi likitansa.

Mataki na huɗu: ba zuciya abin riƙewa

Zuciya ba ta zama hannu rabbana. In ba ka ba ta abin yi ba, za ta koma kan lissafin kuɗin haya. Musulmi yana da abin riƙewa a kusa: Subhanallah, Alhamdu lillah, Allahu Akbar, istigfari, salatin Annabi, ko Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Ka ɗauki wanda ya tabbata, wanda malaminka ya karantar da kai, ka maimaita shi a hankali, kana jin ma'anarsa, ba jan carbi da sauri ana kallon titi ba. Ɗan'uwanmu Kirista ya ɗauki gajeriyar addu'ar da ya haddace.

A shekarun 1970 wani likitan zuciya a Jami'ar Harvard ta Amurka, Herbert Benson, ya auna jikin masu irin wannan zama, ya ga numfashinsu da bugun zuciyarsu suna raguwa. Ya ce abu biyu ne ginshiƙinsa: maimaita kalma ko addu'a, da kuma komawa kanta cikin sauƙi duk lokacin da wani tunani ya kutso. Amma a nan ina so mu yi hattara. Zikiri ibada ne, don Allah ake yin sa, bai kamata mu mayar da shi maganin hawan jini kawai ba. Ka gyara niyyarka, natsuwar za ta biyo baya, kamar yadda aya ta 28 ta Suratur Ra'ad ta faɗa cewa da ambaton Allah zukata ke samun natsuwa.

Mataki na biyar: idan hankali ya gudu

A nan mafi yawan mutane ke watsar da abin. Ka zauna, ba ka yi numfashi uku ba sai ga fuskar wanda ya ci maka bashi, sai ga maganar da mai gidan haya ya yaɓa maka jiya, sai tunanin ko kwandunan tumatir za su ruɓe kafin a saye. Sai mutum ya ce, ni ban iya ba, kaina ya cika cunkushewa.

Kowa haka kansa yake. Lura da cewa hankalinka ya tafi, da dawo da shi kan numfashi ko zikiri, shi ne aikin kansa. In ya gudu sau ashirin ka dawo da shi sau ashirin, ka yi abin da ake nema. Kada ka yi kokawa da tunanin, kada kuma ka bi shi ka ga inda zai ƙare. Ka ce a ranka, wannan maganar haya ce, na gan ta, sai an jima. Ruwan da aka ɗebo daga rafi da laka, ba a tace shi da motsawa, ajiye shi ake yi lakar ta kwanta da kanta.

Ƙarar waje ma haka. Hon ɗin danfo, janaretan maƙwabci, mai tallan burodi: ka ji su, ka bar su su wuce. Yawancin wahalar daga jin haushin ƙarar take, ba daga ƙarar ba. In kuma wani tunani ya nace, wataƙila aiki ne da ke jiran ka da gaske. Bayan ka tashi ka rubuta shi a takarda, ka sa masa lokaci.

Wani kuma da zarar ya yi shiru sai kewar gida ta taso masa, ko baƙin cikin rashin da aka yi masa yana nesa bai samu jana'iza ba. In hawaye ya zo, ka bar shi ya zubo. Ba raunin imani ba ne.

Mataki na shida: fita da shi titi

Amfanin zaman safe yana bayyana ne da rana. Kana cikin danfo ko babbar bas ta BRT an tsaya cak, maimakon tsaki, ka yi dogon numfashi uku. Direba da ɗan Keke su yi nasu ido buɗe. Mai saye ya zage ka a kasuwa, kafin ka buɗe baki ka fitar da numfashi ɗaya mai tsawo. A garin da ƙaramar gardama tsakanin mutum biyu kan iya rikiɗewa ta zama faɗan ƙabila, wannan daƙiƙa biyar ɗin ba ƙaramin abu ba ce. Manzon Allah (SAW) ya koyar da cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa.

Sallolinka biyar ma ka duba su. Mutumin da ya yi salla cikin gaggawa, Annabi (SAW) ya ce masa ya koma ya sake domin bai yi salla ba, sannan ya koya masa ya natsu a ruku'u da sujada. Mu da ke barin shago a buɗe mu ruga masallaci, gara mu ƙara minti biyu mu bar gaɓoɓinmu su zauna a kowane rukuni.

Inda zaman bai isa ba

Wannan zama ba ya biyan bashi, kuma ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ya ci gaba da shan ƙwayarsa, ya riƙa zuwa awo. Wanda ke neman sauƙin rai a tiramadol ko kodin, damuwar tana nan tana jiran sa, ga kuma wata cutar ya ƙara. In ka kai mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, komai ya fita ranka, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, kada ka ɓoye. Ka faɗa wa wani da ka yarda da shi, ɗan'uwa ko limamin unguwa, ya raka ka wurin likita. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Yaba, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, kuma cibiyar lafiya ta unguwarku za ta iya ba ka takardar tura ka can.