Ribar mashaya a bakin kwalba take zubewa

Na gaji da ganin yaranmu 'yan Arewacin Ghana suna buɗe 'yar mashaya a unguwar Krofrom ko Bantama a Kumasi, bayan wata shida ka tarar da kwaɗo a ƙofa, su ce wai an yi musu asiri. Ƙanena, ba wanda ya yi maka asiri, hannunka ne ya cinye ka.

Babban kuskuren shi ne zuba barasa da ido. Kwalbar bitas (barasa mai ɗaci da aka haɗa da ganyaye da saiwoyi) mai mililita 750, Alomo ce ko Adonko, in ma'auninka na 25 ne, toti 30, wato awo 30, ke cikinta. Ka zarce da mililita 5 kacal a kowane zubi, abin da ba a ko gani a gindin kofi, kwalbar ta koma toti 25. Biyar sun tafi. Kuma fa na farko-farkon kuɗin dila ne, naka yana can ƙasan kwalba.

Ni wannan abu ya taɓa kai ni ƙasa. Na sa ɗan yayata a kan kanta, ya rantse hannunsa ya san awo. Wata Asabar, ranar jana'iza kamar yadda aka saba a Kumasi, benci ya cika da masu baƙaƙe da jajayen zannuwa, kwalabe suka ƙare tas. Litinin dila ya zo, kuɗi suka ƙi cika. Har na fara yi wa yaron kallon ɓarawo, Allah ya yafe mini. Sai na ɗura ruwa a kwalba na ce, "Zuba mini toti goma." Ya zuba yana murmushi. Na auna a gabansa, sha biyu cif. Murmushin ya ɗauke.

Tun ranar na ɗaure kofin awo na ƙarfe da igiya a jikin kanta, don kar a ce mini ya ɓata. Kowace kwalba ina manna mata tef daga wuya zuwa gindi, in ja layi da biro kowane dare kafin in rufe. Wasu na amfani da sikeli, ni tef ya ishe ni.

Sai gyara. "Masta, ɗan ƙara mana." Kai ma don kar a ce ka cika rowa sai ka karkata kwalba. Haba! Gyara ta mai tumatir ce a kasuwar Kejetia, ita da kayanta za su ruɓe gobe. Barasa ba ta ruɓewa, me kake gudu? Waɗanda suka fi cin ka ma 'yan garinku ne, na Bolga da Bawku, masu shigowa da "ɗan uwa, yaya gida?" In zan yi kyauta, daga aljihuna nake cire sidi, kuɗin Ghana, in jefa a akwati, yaro yana kallo.

Sauran ƙanana ne. Kar ka kwanar da giyar Club ko Star a firiza saboda tsoron ɗauke wuta, ɗabi'ar da muka koya a dumsor, wato zamanin yawan ɗauke wuta na 2015. Wuta ta zauna har safe, ka tashi ka tarar da fasassun kwalabe. Rufe bitas bayan kowane zubi, ƙarfinta na fita, ƙuda na shiga. Kwalbar giya da aka shanye kuɗi ce, kar ka bari a fita da ita. Marafan kuwa a gwangwanin Milo nake tara su, in ƙirga da safe in gwada da kuɗin akwati kafin in sha koko.