Tawadar Allah a jikin jariri: yadda ake aunawa, da lokacin da ya kamata a ga likita

Kusan jariri ɗaya cikin ɗari ana haihuwarsa da tawadar Allah, wato tabo baƙi ko ruwan ƙasa, wani lokaci har da gashi a kai. Ƙwayoyin da ke ba fata launi ne suka taru wuri ɗaya tun yaro yana ciki. Ba abin da uwa ta ci ko ta kalla ne ya jawo ba, kuma ba a gadonta. Kada a rikita ta da shuɗi-shuɗin tabon nan da ake gani a ɗuwawun jarirai da yawa, wanda yakan dushe da kansa cikin 'yan shekaru.

Abu na farko shi ne awo, domin girman tabon ne ke nuna haɗarinsa. A ɗauki tef ɗin tela a auna inda ya fi tsawo. Likitoci suna lissafi da girman da zai kai idan yaro ya girma, tunda tare da jiki yake faɗaɗa: na kai yakan ninka kusan sau 1.7, na gangar jiki da hannu sau 2.8, na ƙafa sau 3.3. Wanda ba zai kai santimita 1.5 ba ƙarami ne, daga nan zuwa 20 matsakaici, sama da 20 babba. Ke nan tabon santimita 8 a bayan jariri ya shiga sahun manya, ko da a ido bai wuce tafin hannu ba.

Ƙarami da matsakaici da wuya su rikiɗe su zama kansar fata, haɗarin bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma yawanci sai bayan balaga. Babba shi ne abin lura, don kansar na iya tasowa tun yaro bai kai shekara 10 ba. Idan kuma akwai ƙanana da yawa warwatse a jiki, irin waɗannan ƙwayoyin na iya kasancewa a ƙwaƙwalwa ko lakar baya. Shi ya sa ake son a yi wa irin wannan jariri hoton MRI, wato hoton asibiti da ke nuna cikin ƙwaƙwalwa da laka, kafin ya cika wata 6. Jijjiga, yawan amai, kumburin maɗiga, kai yana girma da sauri, ko jinkirin zama da tafiya, duk ba a kwana da su a gida.

A ɗauki hoton tabon da waya da rana, tef a gefensa, duk bayan wata uku. Wajen wanka a riƙa shafawa da yatsu, domin a baƙar fata hannu ya fi ido saurin gano ƙullutu. Ƙullutu mai tauri, gyambon da ya ƙi warkewa, jini, ko gefe ɗaya ya sauya kama, sai likitan fata. Yawancin ƙullutun jarirai ba kansa ba ne, amma gwaji kaɗai ke tabbatarwa.

Fatar wurin tana bushewa, tana ƙaiƙayi, ba ta gumi sosai, kuma tana saurin yagewa. A ajiye soso, a rage zafin ruwa, a shafa basilin ko man kaɗanya sau biyu a rana. Gashin ana iya rage shi da almakashi. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ƙona da kanwa ko toka, man bilicin kuwa ba ya taɓa shi. Ƙwayoyin suna can ƙasan fata, abin da za a samu kawai ciwo da tabo mai tudu wanda zai ɓoye wa likita abin da yake nema. Tiyata ma ba dole ba ce, kuma ba ta kawar da haɗarin gaba ɗaya. Babba sai an yi ta kashi-kashi.

A gida kuwa, uwa ce ke shan surutu tun ranar suna. Ya kamata maigida ya je asibiti tare da ita, shi ne kuma zai yi wa dangi bayani. A hana laƙabin tsokana tun daga 'yan uwan yaron, a daina lulluɓe shi idan baƙi sun shigo. Kafin ya shiga makaranta a sanar da malaminsa, shi kuma a koya masa gajeriyar amsa: «Tawadar Allah ce, da ita aka haife ni, ba a ɗauka.»