Babi na Bakwai: Sayen Ƙwan Fitilar Silin

Darasi na 1: Gindin ƙwai

Malamai maza da mata, sannunku da ƙoƙari. Yau za mu koyi zaɓen ƙwan lantarkin da ake maƙalawa a saman ɗaki. Kada kowa ya ji kunya don bai iya ba, ai abin da ya tara mu ke nan.

Kafin ka tafi kasuwa, kashe makunni. Bari tsohon ƙwan ya huce, sannan ka taka kujera mai ƙwari ka ciro shi. Juya shi, ka dubi gindinsa, wato ƙarfen nan da ke shiga cikin holda. Iri biyu aka fi samu a gidajenmu. Akwai mai 'yan fil biyu a gefe, ana danna shi a juya kaɗan ya maƙale. A jikin kwalinsa an rubuta B22. Akwai kuma mai zare kamar murfin kwalba, ana murɗa shi har ya ɗauru. Shi ne E27. Lambobin faɗin gindin ne da milimita.

Ɗauki fensirinka ka rubuta: B22, mai fil. E27, na murɗawa. Sake rubutawa sau biyar. Madalla. Yanzu rufe littafin ka faɗa da baki. Idan ya shige maka, ba komai, buɗe ka sake dubawa.

Mai fil ba ya shiga holdar murɗi, na murɗi ba ya shiga holdar fil. Saboda haka sa tsohon ƙwan a aljihu ka tafi da shi wurin mai shago, ka ce, "Mai irin wannan gindin nake so." Da ya miƙo maka, fito da sabon daga kwali ka jera gindin biyu ka duba da idonka.

Sau uku na faɗi wannan a aji, amma makon jiya mutum biyu suka dawo mini da ƙwan da ya ƙi shiga, ɗaya har ya fasa holda garin tusawa da ƙarfi. Haba jama'a! Kuɗin cefane ne fa kuke zubarwa. Dubi gindi tukuna, kafin haske, kafin farashi.

Darasi na 2: Haruffan kwali

W na nufin wat, wutar da ƙwai yake ci. Haskensa kuwa shi ne lm, wato lumen. Tsohon ƙwai mai zafi na wat 60 yana ba da kusan lumen 800, na LED, wato ƙwan zamani, mai wat 9 ma kusan haka, ga shi ba ya cin wuta sosai. Nemi harafin V, wato ƙarfin wutar da ƙwan ke ɗauka: wutar nepa da ta janareta 220 zuwa 240 ce. Mai 12V na batir ne ko ƙaramar sola, idan ka sa shi a wutar gida zai ƙone. Shi ma ka dubi gindinsa.

Darasi na 3: Launi

Lambar da ke da harafin K a kwali launin haske take nunawa. 3000K ja-ja ne, ya dace da ɗakin kwana. 6500K fari ne fes, na kicin da wurin karatu.

Darasi na 4: Fanka

Kada a sa ƙwai saman fukafukan fanka, hasken zai riƙa rawa yana gajiyar da ido.

Aikin gida: kwafo duk abin da aka rubuta a kwalin ƙwai ɗaya, ka kawo ranar Litinin.