Yadda Za Ka Bi Wasannin Fitar da Gwani na Besbol Daga Accra

Duk wanda ya ratsa Nima ko Mamobi ko Sabon Zongo zai ga hulunan da ke ɗauke da haruffan NY ko LA a kan matasa da dama, kuma da yawa daga cikinsu 'yan uwa ne da ke zaune a Bronx suka aiko da su, unguwar da filin wasan New York Yankees yake. Duk da haka kaɗan ne a cikinmu suka taɓa zama suka kalli wasan besbol daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Wanda yake son farawa, shawarata ita ce ya fara da watan Oktoba, lokacin wasannin fitar da gwani, kuma ya kafa idonsa a kan mutum ɗaya, wato mai jifa, wanda ke jefa wa mai bugu ƙwallo, domin a hannunsa wasan yake, saboda shi ake zuba kuɗi mafi hatsari, kuma sau da yawa sunansa ne ke sa mutum ya yanki tikiti.

Abu na farko shi ne ka san tsarin gasar. Babbar gasar besbol, wato Major League Baseball ko MLB, tana da ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka da ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada, an raba su gida biyu, American League da National League, kowane gida kuma yana da rukuni uku. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Tun daga 2022 ƙungiyoyi 12 ne ke tsallakewa, shida daga kowane gida: zakarun rukunai uku, da wasu uku da suka fi sauran yawan nasara. Zakaru biyu da suka fi kowa nasara suna hutawa a matakin farko, sauran huɗun kuma su kara a jerin wasa uku, wanda ya ci biyu ya wuce, kuma duka ana yin su ne a gidan wadda ta fi matsayi. Mataki na biyu jerin wasa biyar ne, na uku jerin wasa bakwai, sannan zakarun gidajen biyu su haɗu a World Series, inda wanda ya riga cin wasa huɗu ya ɗauki kofi.

Kada yawan nasarar da ƙungiya ta tara a kaka ya rufe maka ido. A 2023 Atlanta Braves ta ci wasa 104, Los Angeles Dodgers ta ci 100, amma dukansu sun faɗi a jerin wasansu na farko, kuma Arizona Diamondbacks, wadda ta ci 84 kacal, ita ce ta fitar da Dodgers ba tare da ta bar mata ko wasa ɗaya ba, har ta kai World Series inda Texas Rangers ta doke ta. Dalilin yana wurin masu jifa. A tsawon kaka ƙungiya tana juya masu buɗe wasa biyar, kowa ya yi jifa ya huta kwana huɗu ko biyar, amma a Oktoba akwai ranakun hutu tsakanin wasanni, don haka ƙungiyar da ke da gwanaye biyu ko uku tana iya dogara da su, ta ajiye raunanan a benci.

Sai batun lokaci, wanda shi ne babban ƙalubalen mai kallo a Gana. A watan Oktoba agogonmu yana gaban na New York da awa huɗu, yana gaban na Los Angeles da awa bakwai. Wasannin World Series kan fara ne da misalin ƙarfe 8 na dare agogon New York, wato 12 na dare a Accra da Kumasi, kuma a wannan mataki wasa kan ɗauki kusan awa uku. Mai aiki da safe ya fi dacewa ya nemi wasannin matakin farko da na biyu, domin akan buga wasu da rana a can, wasan ƙarfe 1 na rana a New York kuma yana faɗowa ne ƙarfe 5 na yamma a nan. Idan ka ƙudura kallon na dare, ka yi isha'i ka kwanta, ka sa ƙararrawa, ka tabbatar wayarka da batirin ajiya a cike suke saboda ɗaukewar wuta. Ka kuma sani cewa besbol ba a tashi canjaras. Wasa na uku na World Series na 2025 tsakanin Dodgers da Toronto Blue Jays ya kai zango 18, ninki biyu na zango tara da akan raba wasa, ya ɗauki fiye da awa shida da rabi, wanda ke nufin mai kallo a Nima ya yi sallar asuba ya dawo, gari ya waye, kafin Freddie Freeman na Dodgers ya buga ƙwallon da ta raba gardama. Wanda ba shi da halin biyan MLB.TV, tashar gasar ta intanet, ko sayen data mai yawa yana iya bin wasan jifa bayan jifa a manhajar MLB, sannan da safe ya kalli taƙaitaccen wasan a shafinsu na YouTube. Idan majalisarku ta masu shayi tana da talabijin, ku haɗa kuɗi ku kalla tare, domin wasa ne mai tsaye-tsaye da ke ba da sararin tambaya da bayani.

Idan an fara, ga abin da za ka duba. Wasa zango tara ne, a kowane zango ƙungiya tana bugu har sai an fitar mata da mutum uku, sannan a juya, kuma ana cin maki ne idan mai bugu ya zagaya matsayoyi uku da ke fili ya dawo inda ya fara. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu. A kusurwar allo za ka ga lambobi biyu, kamar 1-2 ko 3-1: na farko jifan da suka kauce wa gurbin da aka ƙayyade a gaban mai bugu ne, idan sun kai huɗu mai bugu ya wuce matsaya ta farko kyauta, na biyu kuma jifan da aka ci mai bugu da su ne, idan sun kai uku ya fita. Kafin kowane jifa ka kalli inda mai kamawa, wanda ke tsugune a bayan mai bugu, ya ajiye safar hannunsa. Idan ƙwallo tana sauka a inda safar take ba tare da ya motsa ta ba, mai jifan yana cikin hayyacinsa. Idan kuwa ka ga mai kamawa yana miƙa hannu sama da ƙasa yana ceto ƙwallo, to gajiya ta fara shigowa, ko da saurin jifan bai ragu ba. Ka kuma bi adadin jifan da ake nunawa. Da ya doshi 90 ko 100, ko kuma ya zo fuskantar jerin masu bugu a karo na uku, kyamara za ta leƙa gefen fili inda wasu ke ɗumama hannu, ba da jimawa ba koci zai tako a hankali zuwa tudun, ya miƙa hannu a ba shi ƙwallo. Wannan takun shi ne hukunci mafi nauyi a wasan, kuma a kansa ake tafka muhawara washegari.

Da an ɗaga kofi, kasuwar masu jifa take buɗewa, kuma wanda ya iya karanta ta ya riga ya fahimci rabin Oktoba mai zuwa. Ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar ƙungiya sai ya cika shekara shida a babbar gasa, shi ya sa mafi yawan masu jifan da ke shiga kasuwa sun kusa shekara 30 ko sun haura. Yana iya sa hannu da sabuwar ƙungiya kwana biyar bayan World Series, kuma manyan cinikayya sun fi faɗowa a Disamba. A nan ba a biyan tsohuwar ƙungiya kuɗin sayen ɗan wasa kamar yadda muka sani a ƙwallon ƙafa, sai ga wanda aka ɗauko daga Japan ko Koriya ta Kudu kafin ya samu 'yancinsa. A kan mai jifa Yoshinobu Yamamoto, Dodgers ta biya tsohuwar ƙungiyarsa ta Japan, Orix Buffaloes, kimanin dala miliyan 50.

Idan ka ga labarin kwantiragi, kada ka tsaya a kan jimillar kuɗin. Ka raba ta da yawan shekaru tukuna. Gerrit Cole ya karɓi dala miliyan 324 na shekara tara daga Yankees a Disamban 2019, wato miliyan 36 a shekara, Yamamoto kuma ya karɓi miliyan 325 na shekara 12 a Disamban 2023, wato kimanin miliyan 27 a shekara, saboda haka wanda jimillarsa ta fi girma ba shi ne ya fi albashi ba. Bayan haka ka duba ko an jinkirta biyan wani kaso. Shohei Ohtani, wanda yake jifa kuma yake bugu, ya sa hannu da Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara goma, amma miliyan 680 daga ciki sai bayan kwantiragin ya ƙare za a fara biyansa. Ƙungiyoyi suna yin wannan lissafi ne saboda ba a ƙayyade musu iyakar albashi ba, sai dai akwai harajin da ke hawa kan wadda ta haura wani mizani, wanda a 2025 ya kasance dala miliyan 241.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne shekarun mai jifan da lafiyar hannunsa, domin kwantiragin besbol tabbatacce ne: ko ya yi jifa ko bai yi ba, sai an biya shi. Jijiyar gwiwar hannu ita ce ke yawan tsinkewa, kuma tiyatar gyara ta, wadda ake kira da sunan Tommy John, mai jifan da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974, kan zaunar da mutum shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Stephen Strasburg ya zama gwarzon World Series na 2019, Washington Nationals ta ba shi dala miliyan 245 na shekara bakwai, amma bayan haka zango 31 da ɗoriya kawai ya jefa kafin ciwo ya raba shi da wasa. Jacob deGrom ya karɓi miliyan 185 daga Rangers, ya buɗe wasa shida a 2023 aka kai shi tiyata, Corbin Burnes ma ya karɓi miliyan 210 daga Arizona, bai kai rabin kakarsa ta farko ba ya bi sahu. A ganina, dogon kwantiragi ga mai jifan da ya haura 30 saye ne na shekara biyu ko uku masu kyau a kan farashin bakwai, kuma masu ƙungiyoyin sun san haka sarai. Yamamoto yana da shekara 25 lokacin da ya sa hannu, kuma a World Series na 2025 ya ci wasa uku: ya jefa wasa na biyu shi kaɗai har ƙarshe, ya buɗe na shida, washegari kuma ya sake fitowa ba hutu ya rufe na bakwai. Irin wannan makon ake saye da ɗaruruwan miliyoyi.

Wajen auna gwanintarsa, lamba ɗaya ta ishe mai farawa, wadda ake rubutawa ERA, wato matsakaicin makin da ake ci a hannunsa a zango tara. Wanda aka ci maki 60 a zango 200 yana da 2.70, kuma duk abin da ya gaza 3.00 na gwanaye ne. Ka haɗa ta da yawan zangon da ya jefa a shekara uku da suka wuce, domin lamba mai kyau a hannun da ba ya fita fili ba ta cin kofi.

Saura 'yan kallo, waɗanda tikitinsu ke cikin manyan hanyoyin samun kuɗin da ake biyan waɗannan kwantiragi. Kowace ƙungiya tana da wasan gida 81 a kaka, shi ya sa alƙaluman suke da girma. A 2022 jimillar 'yan kallo ta kai kimanin miliyan 64 da rabi, a 2023 ta haura miliyan 70, shekarar da aka kawo agogon da ke tilasta wa mai jifa ya saki ƙwallo cikin daƙiƙa 15 idan babu ɗan ƙungiyar masu bugu da ke jira a wata matsaya, abin da ya rage tsawon wasa da kusan rabin awa. A 2025 Dodgers ta haura 'yan kallo miliyan huɗu a karon farko a tarihinta, wato kusan 49,500 a kowane wasa, fiye da abin da filin Baba Yara na Kumasi ke ɗauka idan ya cika maƙil.

Akwai abubuwan da ya kamata ka tuna kafin ka yanke hukunci da waɗannan lambobi. Adadin da ake sanarwa na tikitin da aka sayar ne, ba na mutanen da suka shiga fili ba, saboda haka kana iya jin an ce 30,000 alhali kana ganin kujeru a sarari. Girman fili ma yana da tasiri: na Dodgers yana ɗaukar 56,000, yayin da Athletics, bayan ta bar Oakland a ƙarshen 2024, ta koma wani ƙaramin fili a Sacramento mai ɗaukar kimanin 14,000, Tampa Bay Rays kuma ta yi kakar 2025 a filin aro bayan guguwar Milton ta yaye rufin nata. Ko a Oktoba ba kowane fili ke cika ba. A wasan farko na fitar da gwani na 2023 a gidan Rays, wanda aka buga da rana a tsakiyar mako, mutum 19,704 ne kawai aka ƙidaya, duk da cewa ƙungiyar ta ci wasa 99 a kakar. Idan kana son sanin ko sabon mai jifa yana jan jama'a da gaske, kada ka duba wasan buɗe kaka ko na Asabar, waɗanda kan cika ko da wa zai yi jifa. Ka ɗauki wasannin daren Talata da Laraba a watan Mayu, ka kwatanta ranakun da shi ne ya buɗe da ranakun da abokan aikinsa suka buɗe, a fili ɗaya kuma da abokan hamayya masu kama da juna. Adadin 'yan kallon kowane wasa yana rubuce a ƙasan sakamakonsa a manhajar MLB.