Yadda ake fitar da paladiyom daga tsohuwar indomin mota

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san abin nan da makanikai ke kira indomi, wato ɗan tubalin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansa. 'Yan gwangwan suna sayensa da tsada, kuma ba don tubalin ba ne, akwai 'yan giram kaɗan na wasu ƙarafa masu tsada, paladiyom da filatinom da rodiyom, da aka shafa a jikinsa. Paladiyom ɗin nan galibi daga Rasha da Afirka ta Kudu ake haƙo shi, a watan Maris na 2022 oza ɗaya sai da ta haura dala 3,000, to ka ga dole a bi shi ko a bola yake.

Da farko niƙa tubalin ake yi ya koma gari. Sai a jiƙa garin a asid ɗin haidurokulorik, a ƙara masa iskar kulorin ko haidurojin feroksaid don ƙarfen ya narke, wasu kuma suna haɗa kashi 3 na wannan asid da kashi 1 na asid ɗin naitirik. A tace, a ajiye tukar gefe.

Yanzu fa aikin ya fara, don ruwan da aka tace ɗin gauraye yake, ƙarafan duk suna ciki sun narke tare. Dabarar ita ce a samo wani sinadari mai sulfa, dioktil salfaid, a narkar da shi a kananzir a zuba kan ruwan asid ɗin. Kananzir ba ya haɗuwa da ruwa, sama yake tsayawa kamar man gyaɗa a kan romo, amma idan ana kaɗawa sinadarin zai riƙa cafke paladiyom yana janyo shi cikin man, filatinom da rodiyom kuma ya bar su a ƙasa. Matsalarsa ɗaya rashin sauri, wallahi sai a kwashe awowi ana kaɗawa kafin ya gama kamawa, wanda ya yi gaggawa a nan to kuɗinsa ya bari a ruwa. Af, idan daga allon waya ko kwamfuta kayan suka fito, sai an fara cire zinare tukuna don shi ma sinadarin yana kama shi.

Idan an gama kaɗawa a bar shi ya kwanta, a buɗe famfon da ke ƙasan mazubin ruwan ya fita, man ya rage. A ɗauraye man da asid marar ƙarfi, sannan a zuba masa ruwan amoniya a sake kaɗawa, amoniyar ce ke ƙwace paladiyom ɗin ta dawo da shi cikin ruwa. Man kuma ba a zubarwa, da shi za a sake wani zagayen.

Daga nan a riƙa ɗiga asid a hankali cikin ruwan amoniyar, za ka ga wani gishiri rawaya yana sauka. A tace shi, a busar, a gasa da wuta mai ƙarfi, abin da zai rage wani gari ne mai ruwan toka kamar soso, shi ake narkewa a sama da digiri 1,550 ya zama dunƙule.

Amma don Allah kar wani ya ce zai gwada a bayan ɗaki. Kulorin da jan hayaƙin naitirik suna cinye huhu, aikin sai a ɗakin gwaji mai na'urar zuƙe hayaƙi da tabarau da safar hannu, ruwan da ya rage kuma har yanzu akwai filatinom da rodiyom a ciki, ba na zubarwa a kwata ba ne.