Babi na Shida: Yadda Za Ka Koya wa Yaro Shiga Barga

Wannan babi na iyaye ne da yayye, masu doki a gida da waɗanda 'ya'yansu ke wuni a bargar maƙwabta. Da an yi hutun makaranta, ko sallah ta matso, yaran Katsina ba su da zance sai na doki. Kowa so yake ranar hawa a gan shi a Ƙofar Soro riƙe da ragama. Haka abin yake a Daura in hawan Magajiya ya zo, ko Sallar Gani. Ba za mu hana su ba, gado ne. Amma wanda zai shiga barga sai an koya masa shiga.

Karanta a hankali, ɗan'uwa. In kalma ta ƙi, ɗora yatsa a kanta ka raba ta gaɓa-gaɓa: ra-ga-ma, tur-ke, ko-fa-to. Ba wanda ke jiranka.

Darasi na 1: Zuwa wurin doki

Idanun doki a gefen kansa suke. Yana ganin dama, yana ganin hagu. Wuri biyu ne ba ya gani: daidai bayan wutsiyarsa, da daf da goshinsa. Abin da bai gani ba tsoronsa yake, kuma doki in ya tsorata harbi yake yi. Ko dokin da ya fi kowanne lafiya a barga zai yi harbi in an ba shi tsoro. Dabbar da ta kai nauyin buhun masara uku ko fiye, in ta kai wa ɗan shekara 8 kofato, ka san ba ƙaramin abu ba ne.

Ga yadda ake zuwa. Yaro ya tsaya nesa kaɗan, inda dokin yake ganinsa. Ya yi magana. Ya kira sunan dokin, ko ya ce "sannu, sannu" da murya a kwance. Ya jira har dokin ya juyo da kunne ko ya dube shi. Sannan ya tako a hankali ta gefen hagu, ya nufi kafaɗa. Ya ɗora tafin hannunsa a kafaɗar, ya shafa.

Magana, kafaɗa, hannu. Faɗa da ƙarfi. Sake faɗa.

Yanzu ajiye littafin. Kafa turmi a tsakar gida, ka ce shi ne dokin, ka ɗaura masa tsumma ta gefe ɗaya a matsayin wutsiya. Sa yaron ya zo. Ya yi magana kafin ya tako? In bai yi ba, mayar da shi baya. Kada ka daka masa tsawa, ka ce "koma, ɗana, ka manta da sallama." Ya sake. Ya sake har sau 10. Gobe ma a yi. In ya ɓata a na farko da na biyu ba komai, kowa haka ya fara.

Nan ne fa ake faɗuwa. Yaro zai yi daidai sau biyar, a na shida ya ga guga a bayan dokin, sai ya ruga ya ɗauko. Na gani da idona a unguwarmu. Yaro ne mai hankali, ya san dokin, dokin ya san shi. Ya biyo ta baya a guje, babu magana, zai ɗauki tsintsiya. Ƙarar kawai muka ji. Allah ya taƙaita, a cinya ya same shi, amma wata guda yana ɗingishi. Da tsawonsa bai kai haka ba, da a ka ne.

Saboda haka: ba a zuwa ta baya. Ba a gudu a barga. In dole sai ya koma ɗaya gefen, ya zagaya can nesa inda ƙafa ba ta kai, yana magana. Kada ya ratsa ta ƙarƙashin ciki, kada ya sunkuya ta ƙarƙashin wuya.

Koya masa kallon kunne. Kunnuwa a tsaye suna motsi, lafiya. In ya kwantar da su baya sun manne da wuya, ransa a ɓace yake, cizo ko harbi na tafe. Yaro ya ja da baya ya kira babba. Goɗiya mai ɗa da ingarma kuwa ba na yara ba ne sam.

Wasunku na ji suna cewa, "Malam, ai mu a gindin turke muka tashi." To, ku ne kuka fi ba ni tsoro. Kai ka saba, kana wucewa ta bayan doki kana waya, yaron yana kallonka. Abin da ka yi shi zai yi, ba abin da ka faɗa ba. Ba na son a dawo aji mako mai zuwa a ce mini an karanta amma ba a gwada da turmin ba. Magana, kafaɗa, hannu. Rubuta su a littafinka sau uku.

Darasi na 2: Riƙon igiya

Yaro ya tsaya a hagun dokin, daidai wuya. Hannun dama ya riƙe igiyar ragama kusa da haɓa, saura ya ninka shi a hannun hagu. Ninkawa na ce. Kada ya naɗe igiya a hannu, ko a ƙugu, ko a wuya. In doki ya zabura, igiyar da aka naɗe ba ta sakin mutum, janta zai yi da shi a ƙasa. In ya fi ƙarfinsa ya saki, a kamo dokin daga baya. Kafin ya kama igiyar ma, me zai fara yi? Magana, kafaɗa, hannu.

Darasi na 3: Ci da sha

Cikin doki ƙarami ne, kuma ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa: harawa, ciyawa, dusa, da gero ko dawa gwargwado. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. A tsince leda. Ruwa mai tsabta, jarka ɗaya mai lita 25 ba ta cika isarsa a wuni ba, balle da bazara. A ba shi ruwa kafin hatsi. In yaro zai ba shi abu a hannu, ya shimfiɗa tafinsa, yatsu a haɗe. In doki ya ƙi ci, yana waiwayen cikinsa yana birgima, a kira malamin dabbobi nan take.

Darasi na 4: Goge jiki

A goge da buroshi daga wuya zuwa baya, bin kwanciyar gashi. A duba kaska a kunne da gindin wutsiya. Kofato babba ne zai ɗaga, yaro ya kalla.

Darasi na 5: Barga

A kwashe kashi safe da yamma. Lauje da cebur a jingine su waje guda. Ba wuta, ba taba kusa da harawa. Yaro ya sa takalmi rufaffe, ba silifa ba.