Yadda za ka gano gudun abu a daidai wani lokaci

Ɗalibaina da ke shirin JAMB a Gwale sukan maƙale a nan. An ba ka s = 4.9t², wato nisan da dutse ya faɗo cikin mita bayan sakan t, in ka sake shi daga saman bene a Kantin Kwari, ba a lissafa turjiyar iska ba. Ana son gudunsa a daidai sakan 1.

Kada ka raba 4.9 da 1 ka ce ka gama. Matsakaicin gudu ne wannan, kamar ɗan adaidaita sahu ya gaya maka lokacin da ya ɗauka daga Kabuga zuwa Bata, alhali kai gudunsa a Ƙofar Famfo kake tambaya.

Ɗauki ɗan gajeren lokaci kusa da 1. A 1.1, nisan ya zama 5.929. Cire 4.9, wato nisan a sakan 1, saura 1.029, raba da tazarar lokacin, 0.1, ka sami 10.29. Matsa kusa: a 1.01 nisan 4.99849 ne, amsar 9.849. A 1.001 kuwa 9.8049. Ka ga inda lambobin suka dosa, mita 9.8 a sakan.

Ni dai na fi son a kama lokacin ta gefe biyu. A 0.9 nisan 3.969 ne; cire shi daga 5.929, raba 1.96 da 0.2, sai ga 9.8 cif. Amma fa kada ka yanke lambobin bayan ɗigo da wuri a kalkuleta, don bambancin da kake nema ƙanƙani ne, a wutsiyar lambobin yake zaune.